Ba kowane baƙin mai ake ɗura wa injin yankan ciyawa ba

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar injin yankan ciyawa nake so muyi, musamman baƙin man da ake zuba masa, don abin yana damuna sosai yadda nake ganin injina masu kyau suna mutuwa a banza a garin nan. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san in damina ta zauna, daga Yuni har zuwa Oktoba, ciyawa bata tsayawa, ka yanke yau sati biyu ka dawo ka tarar ta kai gwiwa, ga sauro ga tsoron maciji, shi yasa a Malali da Unguwar Rimi da Barnawa da makarantu da harabar masallatai masu fili zaka ta jin ƙarar injin nan tun da safe. Nima ni ke kula da na gidanmu, kuma ni ke bada aron sa in za a gyara filin ƙwallon yaran unguwa, toh abin da na koya a kai shi nake so in baje anan.

Abu na farko tun kafin a zo maganar lamba ko sunan kamfani, ka san wane irin inji ne a hannunka. Iri biyu ne suka fi yawa a wajenmu. Akwai wanda ake turawa mai taya huɗu, wuƙarsa tana ƙasa tana juyawa, wannan kusan dukkansu suna da tankin fetur daban da wurin baƙin mai daban, kamar dai janareta babba ko injin ban ruwa. Sannan akwai na ratayawa a kafaɗa mai dogon ƙarfe, wanda leburori ke yawo dashi suna share gefen titi, shi mafi yawansu basu da wurin baƙin mai kwata kwata, a cikin fetur ake haɗa masa mai, irin yadda ake yi wa ƙaramin janareta ɗin nan na masu shago da masu aski. In ka duba jikin inji ka ga murfi mai sandar awo a jikinsa, yawanci rawaya ko baƙi, to na farkon ne. In ba ka ga komai ba sai tanki ɗaya, kuma an rubuta wani abu kamar 25:1 ko 40:1 ko 50:1 a murfin tankin, to na haɗi ne. Dan Allah kar a raina wannan bambancin, domin in aka zuba wa na haɗi zallar fetur babu mai, cikin 'yan mintuna fistin zai kama ya daskare, shikenan an gama da inji.

Bari in fara da na turawa tunda shi yafi tsada kuma shi aka fi cuta.

Injin nan ba ruwa ke sanyaya shi ba kamar mota, bashi da lagireto, iska ce kawai fanka ke hura masa ta saman kai, don haka yana ɗaukar zafi fiye da injin mota. Kuma ƙananan basu da famfon mai, basu da filtar mai. Wani ɗan abu ne a ciki yake dukan man yana fantsama shi ko ina yayin da inji ke juyawa, da wannan fantsamar ce fistin da ƙarafunan ciki suke samun mai. Sannan duka duka man da yake ci wajen rabin lita ne kawai. Toh ka haɗa lissafin, mai kaɗan ne, zafi mai yawa ne, ba abin da ke tace datti, kaga kenan duk abin da ka zuba a ciki shi kaɗai ne zai yi aikin, babu mai taimaka masa. Wannan shine dalilin da yasa raina ke ɓaci in na ga an juye wa mota mai sannan a ce a tara kondem ɗin a zuba wa injin ciyawa wai ai ƙaramin inji ne. Ƙanƙantarsa ce ma tasa yafi buƙatar mai mai tsafta.

Yanzu lambobin da ke jikin galan. Zaka ga SAE 30 ko SAE 40, ko kuma 10W-30, 15W-40, 20W-50. SAE ɗin wata ƙungiyar injiniyoyin motoci ce ta Amurka da ta tsara ma'aunin kaurin mai, ba sunan kamfani bane. Lambar ƙarshe tana nuna kaurin man lokacin da inji yayi zafi, a digiri 100 ake auna shi, duk yadda lambar ta ƙaru haka kaurin ke ƙaruwa, 50 yafi 40 kauri, 40 yafi 30. Lambar farko mai W kuma tana nuna yadda man ke gudu in akwai sanyi mai tsanani, sanyi irin na ƙasashen da ruwa ke ƙanƙara. Mu anan ko a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu da ake rawar ɗari da asuba, sanyin Kaduna baya kaiwa inda mai zai daskare, kuma a lokacin ma ciyawa ta bushe ba wanda ke yanka. Don haka lambar da ta shafe mu ita ce ta ƙarshe.

Kamfanonin da suka fi ƙera injinan nan, irin su Briggs & Stratton na Amurka da Honda na Japan, duk a kan 30 suka tsaya. Briggs sun ce SAE 30 shine na yanayin ɗumi, daga digiri 5 zuwa sama, sun kuma yarda da 10W-30 amma sun yi gargaɗi cewa in zafi ya wuce digiri 27 inji zai iya riƙa shan man da sauri, sai an riƙa dubawa akai akai. Kaga wannan gargaɗin kamar damu aka yi shi, domin da rana a Kaduna ko a damina zafi na kaiwa wajen 30, balle Maris da Afrilu da yake doshin 40. Honda kuma 10W-30 suke rubutawa a littafin injinansu na yankan ciyawa. Su kuma injinan Chana da suka cika kasuwa, da yawansu tsarin Honda aka kwaikwaya, kuma mafi yawansu abin da zaka gani a takardarsu kenan.

Matsalar ita ce kasuwarmu ba 30 bace ta cika ta. Shiga duk shagon mai daga Ahmadu Bello Way har Kawo har Kachia Road, abin da za a fara miƙo maka 20W-50 ne ko SAE 40, saboda su tsofaffin motoci da mashina da Keke ke sha, su ke tafiya. Na sha tambayar SAE 30 mai shago ya dube ni yace "Alhaji wannan ai ruwa ne, ɗauki mai kauri shi ke riƙe inji." Kuma ba da mugunta yake faɗa ba, abin da ya sani kenan daga mota. Amma ni a ganina ga sabon injin ciyawa ko wanda bai tsufa ba, 20W-50 yayi kauri. Tuna fa fantsama man akeyi ba famfo ke tura shi ba, mai mai kauri baya watsuwa da sauri ya shiga lungunan da ake so, musamman a mintunan farko da aka tada inji, kuma yana ƙara masa nauyi. Ba zan ce maka zai kashe inji a rana ɗaya ba, a'a, akwai masu amfani dashi shekara da shekaru inji na tafiya, amma ba shi masu injin suka ce a saka ba.

Toh yaya za ayi? Ga yadda ni nake bi. In na samu SAE 30 na kirki shi nake ɗauka ba tare da dogon tunani ba. In babu, 10W-30, kuma ana samunsa a manyan gidajen mai da shagunan masu sayar da janareta, sai dai in riƙa duba geji duk ranar da za ayi aiki. Akwai kuma 5W-30 irin na sintetik da sababbin motoci ke sha, shima Briggs sun amince dashi a kowane yanayi, yana jure zafi da kyau, tsada ce kawai matsalarsa, amma tunda lita ɗaya zata yi maka juye biyu ai ba wani abin tashin hankali bane. In duk waɗannan sun gagara, 15W-40 yafi kusa, gara shi da 20W-50. Shi 20W-50 ɗin ina barinsa ne ga tsohon inji ɗan gwanjo wanda ringinsa ya riga ya ci, yana hayaƙi yana shan mai, shi kam kaurin na iya ɗan rage masa shan man kafin a samu kuɗin gyara. Kuma in kana da littafin injinka, abin da ke ciki ya fi maganata ya fi ta mai shago.

Bayan kauri akwai wani rubutu da mutane basa kulawa dashi, wato API, ma'aunin ingancin mai, da harufa biyu a gabansa. S na injin fetur ne, C na dizal. Harafi na biyu kuma duk yadda yayi nisa haka man yafi zama na zamani, SL ya fito 2001, SM 2004, SN 2010, SP kuma 2020. Honda suna cewa SJ ko abin da ya fi shi, don haka in ka ga SJ, SL, SM, SN duk ba laifi. Man dizal 15W-40 da yawa zaka ga an rubuta masa duka biyun, misali CI-4/SL, wannan ya halatta. Wanda zaka guje shine galan ɗin da ba a rubuta komai ba, ko aka rubuta SA ko SB, waɗannan tsohon yayi ne sosai, kusan ba sinadarin wanke inji a cikinsu. Man mashin mai rubutun 4T shima yana yi in kaurinsa ya dace, amma 2T, wato man da ake haɗawa a cikin fetur, kar ya kusanci wurin baƙin man injin turawa.

Sai maganar jabu, wadda ita ce tafi ci min rai. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi daga cikin duro, ba suna ba lamba, ni dai bana saka shi a inji na. Wani zallar ɗanyen man tushe ne da ba a haɗa masa sinadaran komai ba, wani kuma kondem ne aka tace aka ƙara masa kala. A ido yana da kyau, a yatsa yana da yauƙi, amma da yaji zafi sai ya tsinke ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta daɗe tana kama irin wannan kaya a ƙasar nan amma har yanzu yana nan. Har galan mai suna ma ana cika tsohonsa a sake liƙewa, shi yasa nake zuwa gidan mai na kamfanin ko dilan da na sani, in duba murfi ba a taɓa ɓalle shi ba, in duba rubutun bai goge ba. Kuma in na gama da galan nakan huda shi kafin in yar, kar wani ya tsinta ya cuci ɗan uwana dashi. Inji na dubban ɗaruruwan naira, mai na rabin lita, wallahi ba nan ne wurin neman sauƙi ba.

Yanzu yadda ake zubawa, domin ko man Makka ka samo in ka zuba ba daidai ba an yi asara. Sabon inji daga kwali babu mai a cikinsa, a bushe yake zuwa, mutane da yawa basu sani ba sai su zuba fetur su ja igiya don ɗoki. Ka ajiye inji a wuri mai daidai ba gangare ba, ka goge bakin murfin kar ƙasa ta faɗa, ka zuba kaɗan kaɗan da mazurari kana dubawa. Sandar awon tana da alama biyu, man ya tsaya a ta sama ko ɗan ƙasa da ita, kar ya wuce. Akwai ɗan bambanci anan da ya kamata a sani, a injin Honda ana tsoma sandar ne ba tare da an murɗa murfin ba, a na Briggs kuma yawanci sai an murɗa shi ya zauna sannan a ciro a karanta. In ka cika shi fiye da kima wai don kar ya ƙare, man zai yi kumfa, ya bi ta bututun numfashi ya jiƙa filtar iska, ya shiga kan filogi, sai kaga farin hayaƙi ya turnuƙe gida kana zaton inji ya lalace alhali mai ne yayi yawa.

Haka kuma in za a kishingiɗa inji don a kankare ciyawar da ta manne a ƙasa ko a wasa wuƙa, a cire wayar filogi tukunna, wannan maganar yatsun mutum ce ba ta inji ba, sannan a kwantar dashi ta yadda ɓangaren filtar iska da kafireto zai kalli sama. In aka kwantar dashi ta ɗaya gefen mai zai gangara cikin filta da salansa. Yaran da muke ba aiki suna yawan yin wannan, ba laifinsu bane, ba wanda ya nuna musu, minti biyu ne ka tsaya ka nuna.

Juye kuma fa? Sabon inji ana juye masa bayan awa 5 na farko na aiki, saboda a lokacin ƙarafuna ke gogar juna suna zama, zaka ga man ya fito da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Daga nan duk awa 50, ko sau ɗaya a shekara in aikin bai kai haka ba. Amma in aikin mai nauyi ne, ciyawa doguwa jiƙaƙƙiya irin ta Agusta, ga zafi ga ƙura, su kansu masu injin sun ce a rage zuwa awa 25, kuma yanayinmu kenan. Masu yin sana'a dashi suna bi gida gida, ku lissafa da kanku, in kana awa huɗu kullum to sati ɗaya ka cinye awa 25. A tada inji ya ɗan yi ɗumi na 'yan mintuna kafin a juye, man yafi fita da dattinsa. Wasu injinan suna da noti a ƙasa, wasu babu, ta bakin da ake zubawa ake karkata shi a tsiyaye. Akwai ma sababbin Briggs da aka ce ba sai an juye ba, ƙari kawai za a riƙa yi, toh ni dai da ƙurar Kaduna ina juyewa abina.

Wani bakanike dattijo a Panteka da nake kai wa gyara ya taɓa nuna min wani abu mai amfani, yace "Malam, in ka ciro sandar nan kar ka tsaya a kallo, ka shinshina." In kaji warin fetur a jikin man, kuma kaga man yana ƙaruwa maimakon raguwa, to kafireto ne ke yoyo fetur na gangarawa ciki yana tsinka man, wannan ko yau ka juye sai ka sake bayan an gyara. In kuma man ya koma fari fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya shiga, ko an bar inji a waje ruwan sama ya dake shi ko an wanke shi da tiyo. Sannan yace rabin injinan da ake kawo masa sun buga ba irin man bane ya kashe su, rashin man ne gaba ɗaya, an yi wata biyu ba wanda ya buɗe murfin. Na yarda dashi ɗari bisa ɗari. Janareta da yawa suna da na'urar da ke kashe su in mai yayi ƙasa, amma ƙananan injin ciyawa yawanci basu da ita, zai ta aiki har ya ƙone.

Filtar iska ma tana cikin maganar mai, don duk ƙurar da ta wuce ta a cikin man take ƙarewa ta zama kamar yashi tana cin ringi. In ta soso ce a wanke da ruwa da omo, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a matse. In ta takarda ce ba a wanke ta ba a saka mata mai, a kakkaɓe, in ta toshe a canza.

Na ratayawa kuma, 2T ake nema, wanda aka yi don injin da iska ke sanyayawa, in ka ga alamar inganci JASO FC ko FD a jikin galan to mai kyau ne, baya yawan hayaƙi. Lissafin haɗin ba wuya. 50:1 na nufin mililita 20 a litar fetur ɗaya, 40:1 mililita 25, 25:1 kuma mililita 40. In jarka mai lita 5 ce, 50:1 mililita 100 kenan, 25:1 kuma 200. Kamfanonin Stihl da Husqvarna masu ƙera irin injin nan 50:1 suke cewa da man kirki, ƙananan na Chana da yawa 25:1 ko 40:1, ka bi abin da aka rubuta a naka. Sirinji babba mai mililita 20 daga kemis ta wadatar wajen awo, ta fi murfin kwalba da ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. A haɗa a jarka daban a girgiza sannan a ɗura, ba a cikin tankin inji ba, kuma kar a haɗa mai yawa da zai wuce wata ɗaya a ajiye. Na san da yawa baƙin man mota suke tsiyayawa a fetur kamar yadda aka saba yi wa ƙaramin janareta, inji zai tashi kam, amma man mota ba don a ƙona shi aka yi shi ba, yana barin baƙin gawayi a kan fistin da filogi, ya toshe salansa, sai inji ya rasa ƙarfi a fara zargin kafireto.

In damina ta ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, inji zai kwanta kusan wata shida ko bakwai. Kar a ajiye shi da tsohon mai a ciki, a juye a zuba sabo sannan a ajiye, domin tsohon mai yana da tsami da datti da ke cin ƙarfe a hankali. Fetur kuma a ƙarar dashi, a bar inji yayi ta aiki har ya mutu da kansa, in ba haka ba zai bushe ya zama danƙo a kafireto, ruwan farko na Mayu ya sauka ka ja igiya har kafaɗa tayi ciwo bai tashi ba. A rufe shi da buhu ko leda saboda ƙurar hunturu, a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa.

Shi kuma kondem ɗin da aka juye, dan Allah kar a zuba a kwata ko a kan ƙasa kusa da rijiya, kwatocin garin nan ƙarshensu Kogin Kaduna ne kuma daga nan ake ɗibar ruwan da ake tacewa ana turo mana a famfo. A zuba a tsohuwar jarka a rufe, a kai wa masu juyen mai na bakin titi ko garejin bakanike, suna tarawa a duro kuma akwai masu zuwa saye.